Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Tallafa wa Masu HIV da Jagorantar Wayar da Kai

Maganin HIV yana nan, kuma yana aiki. Wanda ya fara shan sa da wuri, bai yi wasa da shi ba, zai iya kaiwa tsufa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiya ƙalau. Duk da haka alƙaluman hukumar UNAIDS ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 2024, cikin mutum miliyan 40.8 da ke ɗauke da ƙwayar cutar a duniya, sama da miliyan 9 ba sa kan magani, kuma kimanin 630,000 ne suka rasu a shekarar. Tsakanin ƙwayar magani da bakin mai shan ta akwai tsoro, akwai kunya, akwai nisan asibiti da tsegumin mutane. Likita ba ya iya kawar da waɗannan daga kan kujerarsa, sai mutanen da ke zaune tare da mai cutar.

A ganina ma'aunin jagora a wannan aiki ɗaya ne: mutum nawa ne suka yi gwaji, suka fara magani, suka tsaya a kai saboda ƙoƙarinsa. Yawan taro da hotuna da riguna masu tambari ba sa shiga lissafin. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan ma'auni aka jera su.

Mataki na 1: Ka tabbatar da abin da za ka faɗa

Kuskuren da ya fito daga bakin jagora yana saurin bazuwa, gyara shi kuma sai an sha wuya. Kafin ka tara kowa, ka zauna da ma'aikacin lafiya mai kula da masu HIV, ka yi ta tambaya har sai ka iya bayanin waɗannan abubuwa ba tare da duba takarda ba.

HIV ita ce ƙwayar cutar. Kanjamau kuwa matakin ƙarshe ne da ake kaiwa idan ƙwayar ta cinye garkuwar jiki saboda rashin magani. Mai shan magani yadda ya kamata yana iya ƙare rayuwarsa bai kai can ba, don haka kiran kowa "mai kanjamau" kuskure ne, kuma cin fuska ne. Ana ɗaukar ƙwayar ta jima'i ba kariya, ta allura ko reza mai jinin wani, ta ƙarin jinin da ba a tantance ba, sai kuma daga uwa zuwa ɗanta a lokacin ciki, haihuwa ko shayarwa. Sauro ba ya yaɗa ta. Musafaha, ci a kwano ɗaya, banɗaki ɗaya, tari da gumi duk ba sa yaɗa ta. Wannan za ka maimaita har ka gaji, gobe ma ka sake.

Gwajin gaggawa na ɗigon jini yana neman alamun da jiki ke fitarwa don yaƙar ƙwayar, kuma alamun kan ɗauki makonni, wani lokaci har wata uku, kafin su bayyana. Wanda ya shiga haɗari makon jiya, aka ce masa babu, sai ya sake gwaji. Wanda ya gwada kansa a gida ya ga alamar akwai, dole ya je asibiti a tabbatar kafin a ce komai.

Sai magungunan kariya guda biyu da mutane ke yawan cakuɗawa. PEP na gaggawa ne: wanda aka yi wa fyaɗe, ko kwaroron roba ya fashe masa, ko allura mai jini ta soke shi, ya fara sha cikin awa 72, ya ci gaba har kwana 28. Kowace awa tana da muhimmanci, saboda haka ka san inda ake ba da shi da dare da ranakun hutu tun kafin buƙata ta taso. PrEP kuwa wanda ba ya ɗauke da cutar ne ke amfani da shi kafin haɗari, ko ƙwaya kullum ko allura mai daɗewa a jiki inda ake samun ta.

Babban labarin da ya fi kowane ɗaga ran mutane shi ne wannan: idan magani ya danne ƙwayar har ta koma ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini, kuma ta zauna a haka, mutum ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Manyan bincike irin su HPTN 052 da PARTNER sun tabbatar da hakan. Yawanci akan kai wannan mataki cikin wata shida da fara magani, kuma gwajin yawan ƙwaya a jini ne kaɗai ke nunawa, ba ƙiba ko kyan fata ba. Ka kula, wannan tabbaci na jima'i ne. A shayarwa magani na rage haɗarin ƙwarai amma bai share shi gaba ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a ɗauki mataki ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iya ɗauka daga uwa, da magani kuwa adadin na sauka ƙasa da 5.

Mataki na 2: Ka fara da mutane kaɗan, masu abin su riƙe ragama

Mutum biyar zuwa takwas sun isa mafari. Hanya mafi tsafta ta samun su ita ce ta ma'aikacin asibiti: shi zai tambayi majinyacinsa ko yana son haɗuwa da wasu irinsa, idan ya yarda sannan a haɗa ku. Kada ka nemi a ba ka jerin sunaye. Ma'aikacin da ya miƙa maka irin wannan jeri ya ci amana, gobe kuma naka zai miƙa wa wani.

Idan kai ba ka ɗauke da ƙwayar, ka san matsayinka: mai taimako ne kai, kujerar gaba ta masu ita ce. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce. A 1983, a birnin Denba na Amurka, wasu masu fama da cutar suka fitar da sanarwa cewa sun ƙi a riƙa kallon su a matsayin abin tausayi kawai, suna son a sa su cikin duk shawarar da ta shafe su. A 1994 ƙasashe 42 suka amince da wannan manufa a taron Paris. Ƙungiyar TASO ta Yuganda, wadda Noerine Kaleeba da wasu abokanta suka kafa a 1987 bayan rasuwar mijinta, da 'yan mutane kaɗan masu haɗuwa suna ƙarfafa juna ta fara, tun babu maganin kirki.

A zaman farko ku raba aiki: mai jan zama, mai ajiyar kuɗi, mai hulɗa da asibiti. Ku sa wa kowace kujera wa'adi tun yanzu da ba a fara rigima a kanta ba.

Mataki na 3: Sirri

A nan ƙungiyoyi suke rayuwa, a nan kuma suke mutuwa. Sirrin mutum ɗaya ya fita, sauran za su watse ba sallama, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Tonuwar wannan magana takan jawo saki, kora daga aiki, duka, har da kisa. A Disambar 1998 aka kashe Gugu Dlamini a kusa da Durban ta Afirka ta Kudu, 'yan makonni bayan ta bayyana a fili cewa tana ɗauke da ƙwayar. Duniya ta canja tun daga lokacin, amma ba ko'ina ba, kuma ba a kowane gida ba.

Ku rubuta dokokinku, a karanta su a farkon kowane zama, ko da kowa ya haddace. Abin da aka faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki. Ba ɗaukar hoto. Ba kawo baƙo sai kowa ya yarda. In an haɗu a hanya, a gaisa kamar yadda aka saba kafin ƙungiya, in da ba a san juna ba a wuce. Sunan ƙungiyar kansa kada ya tona asiri, haka wurin taron: ɗakin da kowa ya san na masu karɓar magani ne ba wurin zama ba ne.

Waya ita ce babbar kafar da sirri ke zurarewa. Zauren WhatsApp yana nuna wa kowa lambar kowa, kuma wayoyi da yawa ba na mutum ɗaya ba ne, miji na dubawa, yara na wasa da su. Ka tambayi kowane mamba tun ranar farko: a kira ka ko a turo saƙo? Da wane lokaci? In wani ya ɗauka me za a ce? Ku shirya amsar tare. "Ƙawarta ce, zan sake kira" ta wadatar. A littafin rajista a sa lamba a madadin suna, takardar da ke haɗa lamba da suna kuma ta zauna a kulle a hannun mutum ɗaya.

Batun sanar da miji ko mata ya fi kowane nauyi. Abokin zama yana da haƙƙin ya kare kansa ya kuma yi gwaji, wannan gaskiya ne, kuma aikinka ne ka riƙa tunatar da ita. Amma ba kai za ka kai labarin ba, kuma ba za ka tilasta ba. Ka fara da tambaya: "Idan kin faɗa masa, me kike tsoron zai faru? Ya taɓa dukan ki?" In akwai alamar duka, tsaron lafiyarta ne farko. In babu, ku gwada maganar tare, kai ka zama mijin, ta faɗa, ta sake faɗa har bakinta ya saba. Wasu sun fi son su je gwaji tare a matsayin ma'aurata, ma'aikacin lafiya ya yi bayanin a gabansu. Asibitoci da yawa kuma suna da tsarin gayyatar abokin zama gwaji ba tare da an ambaci sunan wanda ya ba da lambarsa ba.

Haka nan kada ka tura kowa gaban kyamara ko lasifika don taro ya yi armashi. Wanda ya zaɓi fitowa fili, ka zauna da shi ku lissafa wa zai ji, me zai biyo baya, ina zai kwana in gida ya ƙi shi. Magana in ta fita ba ta komawa.

Mataki na 4: Riƙe mutane a kan magani

Wannan ne aikin yau da gobe, ba shi da ƙyalli, kuma shi ne ainihin aikin.

Ranar da aka gaya wa mutum sakamako, kusan duk bayanin da aka yi masa ba ya shiga kunne. Abin da yake buƙata shi ne ya ga wani mai rai. Mace ta fito daga ɗakin gwaji ta zauna a benci, takarda a dunƙule a hannu, ido a ƙasa. Wata daga ƙungiyarku ta zauna kusa da ita, ta bar ta ta yi shirunta, can ta ce, "Yaya, ni ma maganin nan nake sha. Yarana ba wanda yake da ita." Sau da yawa wannan ya fi lacca ta awa guda. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara wa kowa magani da zarar an tabbatar, ba jiran garkuwa ta faɗi, saboda haka ku raka ta ta karɓa, ku kira ta cikin makon farko. A makonnin nan ne jiri, tashin zuciya ko rashin barci kan sa mutum ya ajiye kwalbar, alhali yawanci suna wucewa.

Ku riƙe ranakun karɓar maganin kowa. Wanda ya tsallake ranarsa a neme shi cikin kwana biyu ko uku, kada a jira wata. In an same shi, ba faɗa. "Mun ji ka shiru, lafiya?" Dalilan ba su da yawa: kuɗin mota, tafiya, wani ma'aikaci ya yi masa tsawa, ya ga maƙwabci a layi, ko ya ji sauƙi ya ɗauka ya warke. Sai kuma wanda aka ce masa an yi masa addu'a ko an ba shi wani haɗi cutar ta fita. Kada ka yi jayayya da imaninsa. Ka ce masa ya ci gaba da addu'arsa, ya ci gaba da shan maganinsa, domin da zarar an daina sha, ƙwayar cutar na dawowa cikin makonni, wani lokaci ta dawo ta daina jin maganin da ake ba shi.

Kowane mamba ya san sunan maganinsa da sakamakon gwajinsa na ƙarshe. Akan auna yawan ƙwaya a jini bayan wata 6, sai wata 12, daga nan shekara-shekara. In ta haura 1,000 a kowace mililita, a binciki yadda yake sha, a sake aunawa bayan wata uku. Masu juye ƙwayoyin maganin cikin leda don ɓoyewa, ku nuna musu gara su ɓare takardar jikin kwalbar su bar maganin a ciki, saboda danshi na lalata shi. Tari mai naci, zazzaɓi, gumin dare ko rama, a tafi asibiti a ranar: tarin fuka ne ya fi kowace cuta kashe masu HIV, kuma akwai maganin rigakafinsa. Kai dai ba likita ba ne. Ba ka canja wa kowa magani, ba ka ba wani na wani.

Mataki na 5: Koyar da lafiyar jima'i ba tare da an kore ka ba

Ilimin da aka hana ka shiga da shi bai amfani kowa ba. Kafin ka tara matasa, ka je wurin iyaye, shugabannin makaranta da na addini, ka nuna musu abin da za ka koyar, shafi-shafi. Tsoronsu ɗaya ne, kada a buɗe wa yara ido. Amsarka tana da madogara: jagorar da hukumar UNESCO ta fitar a 2009, ta sabunta a 2018, ta tattara bincike masu yawa da suka nuna cewa ingantaccen ilimin nan ba ya sa matasa su fara jima'i da wuri, hasali ma yakan sa wasu su jinkirta. Yaron da ba a koya masa ba, waya da abokai za su koya masa.

Ka raba mutane bisa shekaru, sau da yawa bisa jinsi ma, mace ta ja zaman mata. Ƙananan yara abin da ya kamace su shi ne sanin jikinsu, da cewa akwai taɓawar da ba a yarda da ita ba, da wanda za su gaya wa. Masu tasowa a yi musu maganar balaga, al'ada, ciki, da yadda ake cewa a'a. Manya a shiga batun kwaroron roba, tazarar haihuwa, ciwon sanyi da sauran cututtukan jima'i, waɗanda gyambonsu ke buɗe wa HIV ƙofa.

Ka ajiye akwati da 'yan takardu, kowa ya rubuta tambaya ba suna, wanda ba shi da ita ma ya jefa farar takarda don kada a gane mai tambaya. Tambayoyin gaskiya daga nan suke fitowa. In ba ka san amsa ba, ka ce za ka tambayo, kuma ka tambayo. Kwaroron roba a nuna shi a aikace: duba ranar lalacewa, yaga ledar ba da haƙori ba, matse kan don iska ta fita, sau ɗaya a yar. Man shafawa da duk wani mai na ɓata robar, sai mai santsi na ruwa.

Hotunan ramammun majinyata da wasu ke yawo da su don tsoratarwa, ka bar su a gida. Ba sa hana kowa komai, sai dai su hana shi gwaji. Ka tuna kuma, a kowane zama mai yiwuwa akwai wanda aka haifa da ƙwayar yana sauraron yadda kake magana a kansa. Waɗanda jama'a ke ƙyama, kamar mata masu zaman kansu da masu yi wa kansu allurar miyagun ƙwayoyi, ba za su zo taronka ba. Ta hannun wani daga cikinsu ake isa gare su.

Mataki na 6: Kai kuka inda za a share hawaye

Ƙorafi a baki kowa na yi. Abin da ke motsa jami'i shi ne rubutu. Ku buɗe littafi: ranar da magani ya yanke, ranar da aka karɓi kuɗi a kan abin da yake kyauta, sakamakon gwajin da ya yi wata da watanni bai dawo ba, ma'aikacin da ya kira sunan cuta a gaban layi. Bayan wata uku ku duba abin da ya fi maimaituwa, ku ɗauki guda ɗaya. Guda ɗaya tak. Wanda ya shiga ofis da buƙatu goma, da alkawari goma zai fito.

Sannan ku gano wanda yake da ikon gyarawa. Yankewar magani sau da yawa ba laifin mai ba da shi a taga ba ne, matsalar tana can wurin masu oda da rarrabawa. Ku je mutum biyu ko uku da takarda shafi ɗaya. "Ranka ya daɗe, daga wata kaza zuwa wata kaza mutum kaza sun zo an ba su na mako biyu maimakon na wata uku. Ga ranakun. Muna roƙon a duba, kuma muna son mu dawo ranar kaza mu ji inda aka kwana." Ku bar kwafi, ku dawo ranar da kuka ce. In an gyara ku yi godiya a fili, domin za ku sake buƙatar mutumin. In an yi biris sau biyu, ku hau mataki na gaba, sannan 'yan jarida, ba tare da sunan majinyaci ko ɗaya ba.

Ku san dokar ƙasarku kan nuna wariya, gwajin dole, da shekarun da matashi zai iya gwaji ba da izinin iyaye ba, domin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ƙungiyar TAC ta Afirka ta Kudu, mai fafutukar samar da maganin HIV, da aka kafa a 1998, ta fara ne da koya wa mambobinta sunayen magunguna da yadda suke aiki, har ta kai gwamnati kotu. A 2002 kotun tsarin mulkin ƙasar ta umarci a ba mata masu ciki maganin nebirafin, mai kare jariri daga ɗaukar ƙwayar, a asibitocin gwamnati. Kuna da wata hujjar kuma: a sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2021 ƙasashe sun ɗauki alkawarin kai wa 95-95-95, wato kashi 95 na masu ƙwayar su san matsayinsu, kashi 95 na waɗannan su hau magani, kashi 95 na masu shan magani ƙwayar ta danne, tare da ba ƙungiyoyin al'umma kaso a aikin.

Mataki na 7: Kuɗi, gajiya da magaji

Kuɗi kaɗan ma na raba kan mutane. Sa hannu biyu a kan kowace fitarwa, a karanta lissafi a gaban kowa. Kada ku karɓi tallafin da zai sa ku bar aikinku ku koma cika takardun wani.

Jagora ma yana gajiya, yana binne mutane, wani lokaci yana manta nasa maganin. Ka sa wa wayarka lokacin kashewa, ka sami wanda kai ma kake faɗa wa damuwarka, kuma tun shekarar farko ka riƙa tafiya ofisoshi da wani matashi a gefenka yana gani.

A farkon 2025, da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, ayyukan PEPFAR, shirinta na yaƙi da HIV da ke gudana tun 2003, suka tsaya cak a wurare da dama, wasu cibiyoyi suka rufe ba sanarwa. Ku shirya wa irin wannan rana tun yanzu. Kowane mamba ya riƙe katinsa da sunan maganinsa a rubuce, ya nemi a ba shi na wata uku ko shida in ya cancanta, kuma ƙungiya ta san asibiti na biyu mafi kusa da ke ba da magani, da sunan sashen, da takardun da za a nema kafin a karɓi wanda ya sauya wuri.